Kira da Tsakar Rana

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Dogon Dutsi ko ta Kore Mairuwa ya san muryar Shamsiyya, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Ita ce ke fita daga lasifikar mai maganin sauro, ita ce ke gaya wa manoma a rediyo inda za su samu irin wake, ita ce kuma ke yawo a Watsap tana yabon atamfar wannan da takalmin wancan. Sana'arta ke nan, sayar da murya. Da waya kawai ta fara, tana ɗora gwaji a Fesbuk, ƴan kasuwa na ji suna turo mata aiki. Da abin ya kankama, mijinta Halilu ya sayo mata mikro na ɗaukar murya, da kaske na sawa a kunne, da ƴar ordinata, wato kwamfuta, a wata tafiyarsa ta Kotono.

To, mikron nan ɗan banza ne wajen ji. Kazar maƙwabta ta yi kuka, ya ɗauka. Injin niƙa na bakin titi ya tashi, ya ɗauka. Wani mai shago a Dumega ya taɓa dawo mata da aiki, wai shi muryar mace ya saya, ga shi an haɗa masa da ta jaki. Ranar ta ji haushi ƙwarai. Ta kwashe tarkacen ɗakin ajiya, ta jingina tsofaffin katifu a bango, ta toshe taga da bargo, ta cusa tsumma ƙarƙashin ƙofa. Kuma ba ta aiki sai da tsakar rana, lokacin da yara ke lakkol wajen karatun boko, mai inji ya tafi cin abinci, zafi ya kwantar da mutum da dabba.

Mahaifiyarta, Inna Ladidi, ta baro Ɗan Kassari tun bayan girbi ta zo ta zauna wajensu, saboda wani jiri da ke yawan ɗibarta. Tsohuwar nan ko kaɗan ɗakin bai kwanta mata ba.

"Ke," in ji ta, "mutum da hankalinshi ya shige duhu rana tsaka yana magana shi ɗai? Wa kike ma magana?"

"Inna, aiki ne fa."

"Aiki! To, in kin ji an kira ki ba ki ga mai kira ba, kada ki amsa. Doguwa da muryar na gida take zuwa. Wanda ya amsa, ya bi ta."

Shamsiyya ta yi dariya har da riƙe ciki. Ita da ta yi Islamiyya, ta auri mutumin da ko sunan bori ba ya so a ambata masa a gida, ita za a tsorata da doguwa? Ta ce Allah ya shirya Inna, ta wuce abinta.

"Ke" ɗin nan kuwa shi ne sunanta a bakin Inna. Shamsiyya ce ɗiyar fari, kuma Inna irin matan da ne masu riƙe kunya kamar addini. Tun da ta haife ta ba ta taɓa furta sunanta ba. In za ta yi zancenta da wasu, sai ta ce "ita waccan". Ko ranar da aka kai Shamsiyya gidan miji, Inna na kuka tana faɗin, "Ke, ki yi haƙuri."

Wata rana cikin bazara, Halilu ya tafi cin kasuwar Dumega, gida ya rage su biyu. Shamsiyya ta bar Inna kwance kan tabarma ƙarƙashin rumfa, ta shiga ɗakin aikinta, ta ja ƙofa, ta cusa tsumma, ta kashe fanka, ta kashe waya. Tallar fitila mai aiki da hasken rana za ta yi wa wani Alhaji Abdussalamu. Zufa na bin bayanta, ta sa kaske, ta gyara murya.

"Jama'ar Arewa, ku matso ku ji! Duhu ya ƙare..."

Sai ta ji an ce, can ƙasa-ƙasa, "Shamsiyya."

Ta yi tsit. Ta cire kaske ta kasa kunne. Babu komai, sai numfashinta. Ta ce wa kanta zafi ne ke wasa da ita, ta mayar da kasken.

"Shamsiyya."

Muryar Inna ce, babu ko tantama, amma a jaye take, da nauyi, kamar mai magana da loma a baki. Ta sake fizge kasken. Shiru. Ta mayar, ga kiran. A cikin kasken kawai yake, kunnenta ba ya jin sa a ɗakin.

Da hankalinta na jikinta, da ta tuna cewa mikron nan ya fi kunnenta ji, kuma ita da hannunta ta toshe ɗakin. Ina! Abu ɗaya ne ya cika mata kai: Inna ba ta faɗin sunan nan. Ko wuta ce ta kama gidan, "ke" za ta ce. To wane ne wannan da ya ari muryar Inna, amma bai san Inna ba?

Tsigar jikinta ta tashi. Duk zafin ɗakin nan, sai ta ji sanyi na hawa ƙafafunta. Ta buɗe baki za ta karanta Ayatul Kursiyyu, farkon ayar ya ɓace mata, ita da take koya wa matan unguwa. Ta kama "A'uzu billahi" tana maimaitawa a zuci, don ko motsa leɓe tana tsoro, kada abin ya ɗauka amsawa ta yi. Wallahi ta ji kunyar kanta, ta tuna dariyar da ta yi, amma kunyar ba ta ɗaga ta daga kujerar ba.

Kiran ya matso. Yanzu har da wani ja-ja a ƙasa, kamar ana jan buhu a kan yashi, a tsaya, a sake ja. Wajen ƙofarta yake nufowa.

"Sham... siyya."

Ta dafe bakinta da hannu biyu. Hawaye na zuba ta tsakanin yatsunta. Ta zuba wa tsumman ƙarƙashin ƙofa ido, tana jiran ta ga ya motsa. Ta so ta ƙwala wa Inna kira ta zo ta cece ta, sai ta tuna in ta ce "Inna", abin nan ne zai ce ga ni.

Daga nan kiran ya yanke. Shirun ya fi kiran ban tsoro. Ta daɗe zaune a ƙame, rigarta ta jiƙe sharkaf, har ta ji injin niƙa ya tashi a cikin kasken. Jin ƙarar duniya ya ɗan dawo mata da ƙarfi. Ta kunna waya, ta kira Asiya, maƙwabciyarta da katanga ɗaya ta raba su.

"Asiya," ta ce da raɗa, "don girman Allah ki shigo gidanmu. Ki zo ƙofar ɗakin aikina ki buga, ki faɗi sunanki."

"Lahiya? Mi ya same ki?"

"Ke dai ki zo."

Ba ta ji bugun ƙofa ba. Salati ta ji, mai ƙarfi, wanda katifa ba ta iya tarewa.

"Innalillahi! Shamsiyya, hito! Inna ce!"

Ta banko ƙofar, ƙofar ta bugi wani abu mai laushi. Inna ce kwance rub da ciki a cikin rana, hannunta na hagu a miƙe wajen dokin ƙofa, ɗankwalinta can baya. Ga sawun jan jiki a yashi tun daga rumfa, ya ratsa tsakar gidan gaba ɗaya. Bakinta ya karkace, yashi ya manne a kumatunta, idonta a buɗe.

Shamsiyya ba ta san yadda aka samo mota ba, ba ta san wa ya sa mata hijabi ba. Ta dai ga kanta a gidan likita, tsaye bakin gado, ana ɗaura wa Inna ruwa. Majon da ya duba ta, wato babban ma'aikacin jinya, wani baƙo mai gilashi da Hausarsa ba ta gama nuna ba, ya ce hawan jini ne ya buge ta, ɓarin dama ya shanye, harshe ma ya tafi. Ya ce irin wannan ciwo da gaggawa ake kawo shi, ita kuwa da gani ta jima a ƙasa.

"Madam, ba kowa a gidan? Ba wanda ya ji ta?"

Asiya ta yi wuf ta tare. "Tana cikin ɗakin aiki, likita. Ɗakin a toshe yake, ko ganga aka buga ba a ji."

Shamsiyya na kallon Inna, Inna na kallonta da ido guda da ya rage yana motsi sosai.

"Na ji ta," in ji Shamsiyya. "Sunana ta kira."

Majo ya ɗaga kafaɗa, bai ga abin mamaki ba, ya juya wajen wani gadon. Asiya kuwa, da ta san Inna, ta san ɗiyar fari, sai ta kama baki ta ja da baya har ta jingina da bango.

Shamsiyya ta durƙusa, ta kama hannun hagun nan da yashi ke cikin farcensa har yanzu, ta kai bakinta kusa da kunnen tsohuwar.

"Na'am, Inna," ta ce. "Na'am. Ga ni."

Leɓen Inna ya motsa, ya sake motsawa. Shamsiyya ta kara kunnenta dab da bakin, ta riƙe numfashi tana jira, ba abin da ya fito sai iska mai ɗumi.