Gefe Ɗaya

Iya ta dangwarar da akwatin a kan gilashin kantar shagon, har sai da wayoyin da aka jera a ciki suka motsa.

"Ga tsiyarka nan. Na uku ke nan."

Mai shagon kayan kiɗa ya ɗago daga abin da yake kwancewa. Ya dubi akwatin, ya dubi Iya, sannan ya dubi ɗanta Auta da ke tsaye a bayanta rungume da kibod ɗinsa a cikin jaka. Ƙato da gemunsa, mai 'ya'ya biyu, amma ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kamo da sata.

"Sannu da zuwa, Iya. Ga kujera."

"Na ce maka zama ya kawo ni? Yaro ya zo sau ɗaya ka yi masa daɗin baki, ya zo sau biyu ka yi masa daɗin baki, jiya ka ce ba za ka ƙara canzawa ba. To yau uwarsa ce ta zo. Ni ka yi min daɗin bakin in gani."

Iya ba ta yi boko ba, amma wannan abin ta gane shi, don Auta ya yi mata bayani har ta haddace. Ɗan akwatin ƙarfe ne, bai wuce tafin hannu biyu ba, da ƙafa ake taka shi, masu kiɗa feda suke ce masa. Kibod ɗin shi kaɗai sautinsa a bushe yake, kamar mutum na magana a ɗakin da aka cika da katifu. In an bi da sautin ta cikin akwatin sai ya sami amsa-kuwwa, ya buɗe, ya fita ta waya biyu, ɗaya hagu ɗaya dama. Saboda waɗannan biyun Auta ya yi wata guda yana zaɓe, yana zuwa shagon nan yana saurare yana komawa. Da ya kai gida ya sa abin kunne, sai hagu kaɗai ke magana. Ya dawo da shi aka ba shi wani, haka. Aka ba shi na uku, haka.

"Iya," in ji mai shago, "na farko na canza ban ce uffan ba. Na biyu har wayoyi na ba shi sababbi, da abin kunnen da nake amfani da shi. Wannan na ukun da hannuna na gwada shi kafin ya fita da shi. Lafiyarsa ƙalau."

"Ƙarya yake yi ke nan? Ɗan da na haifa?"

"Ban ce ba."

"Faɗi mana! Bakinka ne!"

Ta ɗaga murya ne don kada ta ji abin da ke bugawa a ƙirjinta. Shekaranjiya da rana ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa ta kira shi sau uku, yana zaune bai fi taku huɗu ba, bai juyo ba sai da ta taɓa kafaɗarsa ya zabura. Jiya a kicin matarsa ta matso ta ce a hankali, "Iya, kin lura in ana masa magana sai ya karkato da kai?" Iya ta daka mata tsawa, ta ce ta iya bakinta, ta daina yi wa mijinta mugun fata. Yau tun da safe ta ɗaura ɗankwali. Ita dai so take a ce akwai mai laifi, mai shago, mai ƙofa, wanda za ta iya tsayawa a gabansa ta zage shi tas.

Ƙofar gilashi ta buɗe, wani ya sunkuyo ya shigo. Auta ya gyara tsayuwa.

Dogo ne, shugaban ƙungiyar da Auta ke yi wa kiɗa shekara bakwai, wadda da ita yake ciyar da gidan gaba ɗaya. Iya ta san shi sarai. Bara da hannun mai gangarsu ya fara rawa, sati biyu kacal Dogo ya yi masa, yana dariya yana dafa shi, ya sa wani a kujerarsa.

"A'a, Iyarmu da kanta! Ko an ɗauke ki aiki ne ban sani ba?" Ya ɗan rusuna. "Auta, har yanzu fedar ce? Kai da za ka zaɓi mata haka da har yau kana gwauro."

Ba wanda ya yi dariya sai shi. Mai shago kuwa ganin an sami shaida sai ya miƙe.

"Yauwa, gara da ka zo. Cewa ake na sayar da kayan banza, wai gefe ɗaya ke fita. Bari in haɗa da manyan sifikun nan, ɗaya can ɗaya nan, kowa ya ji da kunnensa."

"A'a!"

Kalmar ta fito da ƙarfin da ita kanta ba ta yi niyya ba. Duka suka juyo.

"Sifikun da ka riga ka san dabarar da ka yi musu? Ni za ka sa wa. Ba ni abin kunnen nan. Abin da na ji shi ne magana."

Dogo ya tafa hannu. "An naɗa alƙaliya!"

Mai shago ya ɗaga kafaɗa. Ya karɓi kibod ɗin ya ɗora a kan tebur, ya soka waya biyu a akwatin, ya fito da wasu biyun zuwa wata 'yar na'ura, ya miƙo mata abin kunnen. Ta tura ɗankwalinta baya ta kifa shi a ka. Nan take hayaniyar titi ta ɗauke. Numfashinta kaɗai take ji, da sauri da sauri. Ta riƙe bakin kantar, tana roƙon Allah a ranta ya sa abin nan ya zama matacce, ya sa mutumin nan ya zama macuci.

Auta ya taka akwatin, wata 'yar fitila ta kama. Ya ɗora yatsu uku a kan kibod ɗin.

Sautin ya taso a tsakiyar kanta, sai ya buɗe. Bangon shagon ya ja baya, rufin ya yi sama, ta ji kamar an ajiye ta ita kaɗai a wani makeken zaure da ba kowa. Ya tafi hagu ya yi nisa. Ya tafi dama ya yi nisa, ya dawo, ya daɗe yana yawo a can kafin ya mutu. A kunnen daman ma ya fi daɗewa. Tunda take ba ta taɓa jin abu mai kyau haka ba, kuma ba ta taɓa jin abin da ya tsorata ta haka ba.

Ta dubi Auta. Ba idonta yake kallo ba. Bakinta yake kallo.

Ta cire abin a hankali.

"To, ranki ya daɗe," in ji Dogo, "me kotu ta ji?"

A gidansu da unguwarsu an san Iya da abu ɗaya: ko za a yanka ta sai ta faɗi abin da ta gani. Da shi ta rabu da ƙawaye, da shi ta ɓata da 'yan'uwan mijinta.

"Gefe ɗaya ne."

"Haba Iya!" Mai shago ya miƙo hannu zai karɓi abin kunnen. "Kawo in—"

Ta cafke wuyan hannunsa. Ba ta iya roƙo ba, ba ta san yadda ake fara shi ba, sai kawai ta riƙe shi tana kallonsa. Ya dube ta. Ya dubi Auta, wanda ya ɗan karkato da kai yana jiran abin da za a ce.

"Wataƙila," mai shago ya ce, muryarsa ta sauka, "duk waɗanda suka zo a kwalin nan ne suka sami matsala."

"Kai!" Dogo ya ajiye ƙunshin wayoyin da ya riga ya ɗauko. "Uku a jere? Kuma kana ta musu da tsohuwa? Ashe haka shagon ya koma. Bari in je gaba in duba, ni ba na son abin da zai kunyata ni a gaban jama'a." Ya dafa Auta. "Asabar ƙarfe huɗu. Ka zo da wadda ke aiki." Ya sunkuya ya fita, tun bai kai bakin titi ba ya ciro wayarsa.

Mai shago ya bi shi da kallo ta cikin gilashi. Iya ta saki hannunsa. Yatsunta sun bar shaida a fatarsa.

"Kafin magariba duk masu kiɗan garin nan sun ji," ya ce, ba da faɗa ba. Ya zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da akwatin cikin kwalinsa, ya turo shi gabanta. "A cikin ukun wannan ya fi. Ɗanki ya iya zaɓe. Ku tafi da shi." Sai ya rage murya. "Iya, wannan ba gyaran shago ba ne. Na san wani da ya yi ta jira ya ga ko kunnen zai buɗe da kansa. Kada ku kai gobe."

Ta buɗe baki. Duk zagin da ta shiryo tun daga gida yana nan a jere, amma abin da ya kamata ta faɗa ba ta da shi.

"Zan je in sami Dogon," ta ce. "Zan gaya masa ni na yi maka ƙarya. Amma ba yau ba."

"Ba yau ba," in ji shi.

A waje rana ta take, motoci na ta wucewa. Suka tsaya a tasha, ita da kwali, shi da jaka. Motar unguwarsu ta zo ta tsaya, mutane suka shiga, Iya ba ta motsa ba. Motar ta tashi.

"Duka biyun kika ji, ko?" in ji Auta, yana kallon ƙasa.

"Kwana nawa?"

"Na'am?"

Ta ɗaga murya. "Na ce kwana nawa ke nan?"

"Tara. Da safe na tashi na ji kamar an cusa min auduga. Na ɗauka ruwan wanka ne."

"Kwana tara kana yawon canza akwati, sakarai."

"Tsoro nake ji, Iya."

Ta dubi tsallaken titi. Motar da ke bi ta babban asibiti a tsallake take tsayawa. Auta ya sa ƙafa a kwalta, wani mai babur ya taho a guje yana ta danna oda, shi kuwa ko waiwaye bai yi ba. Ta damƙi rigarsa ta fizgo shi baya.

"Tsaya nan. Sai na ce tafi."

Ta saƙale kwalin a hammata, ta kama hannunsa gam, tana duban hanya.