Kujerun da Tannie Alida Ta Gyara

Da Tannie Alida, wato Goggo Alida, ta yanke shawarar sayar da kayan gidan gonarta na yankin Karoo ta koma gari, sai kunya ta kama ta. Yaya za a yi baƙi daga Cape Town su zo gwanjo su tarar da kujerun kakanninta duk sun koɗe, igiyar fatar da aka saƙa mazauninsu da ita ta yi baƙi ƙirin saboda zaman shekara ɗari biyu? Kwana uku ta yi tana kankare su. Ta shafa musu fenti kore shar, ta tsinke fatar ta saƙa igiyar roba sabuwa fil.

Ranar gwanjo, Kobus dillali ya tsaya gaban kujerun ya dafe kai.

"Tannie, wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Aika-aika? Ni ce, da hannuna! So kake a ce mu ƙazamai ne?"

Baƙin da suka zo neman kayan tarihi ko kallonsu ba su yi ba. Da ƙyar wani maƙwabci ya saye su, wai zai ajiye a bakin garke.

Can sai wata baƙuwa ta durƙusa a baranda, ta ture karen gidan, tana shafa tsohuwar dardumar Farisa da yake kwana a kai. Aka yi ta ɗaga hannu ana ƙara tayi har kuɗin dardumar ya wuce na taraktar gonar.

Tannie Alida ta matso kusa da Kobus, ta yi tsaki.

"Ka gani ko, ɗana? Da na samu lokaci na gyara ta ita ma, ai da kuɗin ya ninka haka."