Muryoyi Biyu a Bakin Famfo

"Da wa kike faɗa a bakin famfo da sassafe?" in ji Mai Walda.

"Ba da kai ba," in ji matarsa. "Ɗauke ƙafarka daga jikin bokitina."

"Mutanen gidan nan sun fara cewa kin taɓu. Jiya mai gidan haya ya tare ni, wai ko in kai ki a duba ki."

"Ka ce masa ya gyara kwatar gidansa tukuna, sannan ya zo ya gyara ni."

"Ga tukunya can tana ƙauri, yara ba su sa takalmi ba, ke kina nan kina surutu da mutanen da babu su."

"Hannu biyu gare ni, Baban yara. Kai ma biyu gare ka. Sauke tukunyar."

Ya sauke. Na ji ƙarar murfi, na ji tsaki, na ji babur ɗinsa ya fita.

Ni ina kwance a ɗakinmu. Tagata tana daidai saman famfon, shi kaɗai ne a gidan. Na gama sakandare, ba aiki, ba gurbin karatu. Kwanciya nake yi ina jin abin da ba a ce in ji ba. Umma ta ce kunnena ya fi ni sana'a. 'Yan gidan kuwa Na-taga suke ce min.

Matar Mai Walda, Maman 'Yan Biyu, ma'aikaciyar asibiti ce, ita ke ɗibar jinin gwaji. Kafin ta fita sai ta yi wanki, ta yi girki, ta shirya tagwayenta makaranta. Kuma tana rubuta labari a waya, tana tura wa wasu mata da ke jiranta. Lokacin rubutun ne babu, sai cikin bas. A bakin famfo hannunta na cikin kumfa, ba damar taɓa waya. Sai ta riƙa tsara maganar da baki, ta maimaita har ta zauna mata, ta ɗauke ta a ka zuwa mota kamar mai tallan ƙwai.

Da farko na zaci da wani take. Akwai murya mai kauri, akwai siririya. Daga baya na gane. Mai kaurin ta Mai Agogo ce, mutumin cikin labarinta, wanda in ya kara agogo a kunne yake sanin ciwonsa, amma bai taɓa jin na matarsa ba. Siririyar ta matar ce.

Kowace magana sau biyu take gwada ta, ta nan da ta can. Wadda ba ta yi mata ba, sai ka ji ta mayar da riga cikin ruwa, tsulum. Wadda ta yi, sai ta murɗe rigar da ƙarfi ta ce, "Yauwa." Wannan yauwar nake jira kullum.

"Mama, ina safata ɗaya?"

"Tana ƙafar ɗan'uwanka." Sai ta koma murya mai kauri ba ko numfashi: "To, sai me? Ba na kawo cefane?"

Abin ya riƙa cin raina. Ina take samo su? Me ya sa Mai Agogo yake gyaran murya sau biyu kafin ya yi magana, yadda mijinta ke yi? Ban tambaya ba. Ba na tambaya.

Ranar wannan faɗan, bayan babur ya fita, ta ci gaba da wanki. Na leƙa ta jikin labule. Ta kwance ɗankwali ta sake tamke shi a goshi. Ta daɗe tana cewa kanta na sara. Umma ta sha ce mata, "Kina ɗibar jinin mutane, naki fa?" Sai ta ce sai ta samu sarari.

Labarin ya zo ƙarshe. Matar Mai Agogo ta haɗa kayanta, tana zaune cikin mota a tasha. Maman 'Yan Biyu ta gwada ƙarshe ɗaya. Ta gwada wani. Na kasa kunne. Ba tsulum, ba yauwa.

"Na-taga."

Na ƙame.

"Na san kana ji. Mai barci ba ya riƙe tari." Ta yi dariya. "Wanne ya fi?"

Na buɗe baki ke nan, ɗaya daga tagwayen ya ƙwala ihu, ɗan'uwansa ya kifar masa da shayi a riga.

"Kun kashe ni," ta ce, tana goge hannu a zani. "Na-taga, riƙe min su duka biyun. In na dawo ma yi shawara."

Ta bar sauran wankin cikin ruwan ɗauraya.

Rana ba ta karkata ba labari ya zo. Ta yanke jiki ta faɗi a wurin aiki, allura a hannunta. Kafin a gangara da ita ɗakin likita ta cika. Mai Walda ya shigo gidan da baƙin gilashinsa na aiki a goshi, ya manta da shi. Ya tsaya tsakar gida yana kallon bokitin. Umma ce ta matse kayan ta shanya, tana kuka ƙasa-ƙasa.

Cikin masu zuwa ta'aziyya har da wasu mata da ba wanda ya san su. Masu karanta labarinta ne. Ɗaya ta kasa haƙuri, tana share hawaye ta ce wa Mai Walda, "Allah ya jiƙanta. Don Allah, ba ta gaya maka yadda aka ƙare ba?" Ya dube ta kamar da wani yare ta yi.

Da mutane suka ja baya, tagwayen suka buɗe masa wayarta. Ya zauna a bakin ƙofa ya karanta, yana bin layi da yatsa mai tabon ƙuna.

Wata safiya na ji famfo, na ji ana wanki irin na wanda bai iya ba. Omo ya yi yawa, kumfa har kan takalmi. Aka yi gyaran murya sau biyu.

"Na-taga. Yara sun ce kana sauraronta."

Na ɗaga labule. "E."

"Mutumin nan mai agogo." Ya dubi rigar makarantar da ke hannunsa. "Da ni yake kama, ko?"

"Da ɗan kama."

"Ɗan kama." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Rubutun ya tsaya matar tana cikin mota. Sauran fa? Ta faɗa a nan?"

"Ta faɗi biyu."

Daga cikin ɗaki Umma ta yi tari, irin tarin da ke nufin ka ba shi mai daɗin ka yi shiru. Na ji ta. Amma biyu aka ba ni ajiya.

Na faɗa masa na farko. Mota na shirin tashi, matar ta buga ƙofa ta ce, "Direba, tsaya, na bar wuta a kunne." Ba ta bar komai ba. Ta koma ta tarar da Mai Agogo zaune a shago, agogunan bango kowanne da lokacinsa, ya kasa saita ko ɗaya.

Na faɗa masa na biyu. Mota ta tashi. Ta cire agogon da ya ba ta, ta kara a kunne. Lafiyarsa ƙalau. Ta mayar a hannu, ba ta waiwaya ba.

Ruwa ya cika bokiti yana zuba. Bai kashe famfon ba.

"Ba ta ce yauwa ba?"

Na dube shi. Ashe ya sani. Ashe ba ni kaɗai ke jira ba.

"Ba ta ce ba."

Tagwayen suna tsaye a ƙofar ɗakinsu, kowanne da safa ɗaya a ƙafa. Mai Walda ya murɗe rigar a hankali, ruwan ya bi gwiwar hannunsa yana ɗiga. Bai shanya ba, bai mayar cikin bokiti ba. Ba ni yake kallo ba, wurin da matarsa take durƙusawa yake kallo, inda siminti ya yi santsi.

"To da kin dawo," ya ce, "wanne za ki ɗauka?"