Ruwan Juma'a

Alhaji Sanda ɗan kasuwar hatsi ne a Birnin Kudu, kuma duk abin da ya tara a duniya yana kan tayoyin gingimarinsa guda ɗaya mai kai gero da riɗi Kano. Ita yake shirin sayarwa, har ya yi wa dillali magana.

Wanda ya jawo haka Abdulbaƙi ne, ɗan amininsa marigayi, injiniya mai aiki a Kano. Ya ce akwai wani rafi a ƙasar Gwaram da ke gangarowa tsakanin duwatsu, ya kafa masa ƙaramin injin gwaji mai ba da wutar lantarki da ƙarfin ruwa kawai. In aka samu mai zuba jari aka kafa babba, masu niƙa da masu walda da masu casar shinkafa duk za su riƙa sayen wutar.

"Ba fetur, ba gas?" in ji Alhaji.

"Ko ɗigo, Baba."

"Ubanka ma haka yake da daɗin baki. Mu je in gani."

Abdulbaƙi ba ya samun kansa sai Juma'a, Asabar da asuba ya koma. Saboda haka ranar Juma'a suka tafi, ana tsakiyar rani, suka yi salla a ƙauyen da ke kusa da rafin, suka ci tuwo a gidan mai unguwa, sai wajen la'asar suka gangara.

Tun daga nesa Alhaji ya ji rugugin ruwa. Wani ƙaton bututu ya sauko daga saman dutse ya shige wani ɗan ɗaki na kwano. Abdulbaƙi ya buɗe kwaɗo, ya murɗa wani ƙarfe. Bututun ya yi tari, ya girgiza, farfelar da ke ciki ta fara juyawa a hankali, can ta ɗauki gudu har ido ya daina rabe fukafukanta. Sai ƙwan lantarkin da ke rataye a jikin azara ya yi ja, ya yi ruwan ɗorawa, ya yi fari fat.

Alhaji ya cire hularsa bai san ya cire ba. Ya sunkuya ya shinshina injin, babu warin mai, babu hayaƙi. Ya fita ya tsoma hannu inda ruwan ke komawa rafi, ya ji shi da sanyinsa, ya ɗanɗana, ruwa ne dai kamar yadda ya shiga, ba a rage masa komai ba. Shi da ya girma yana ganin ruwa na kashe wuta, yau ga wuta ta fito daga cikinsa.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," in ji shi. "Ashe tun zamanin kakanninmu tana ciki, muna wanki a kanta."

Ya sake zuwa wata Juma'ar, ya kuma sake. Kowane zuwa ruwa na nan cike.

Hajiya Mero, matarsa, ita ce ta taka masa birki, tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Alhaji, kai da buhun gero ɗaya ba ka saye sai ka soka ƙarfe har gindinsa ka ga abin da ke ƙasa. Shi rafin, ta ina ka soke shi?"

"Ke, rafi buhu ne?"

"Oho. Na dai ga kullum ranar da aka ce ka zo kake zuwa, kamar mai zuwa ganin amarya."

Ya yi mata tsawa, amma maganar ta zauna masa. Ƙa'idarsa ce tun yana yaron shago: kayan da aka san ranar zuwanka, ba ka gan su ba tukuna. Ran Talata da hantsi ya hau mota zuwa Gwaram, daga can ya ɗauki acaɓa, bai gaya wa kowa ba.

Babu rugugi. Bakin bututun na sama a bushe, ƙadangare kwance a kai. Ruwan da ke bin dutsen bai fi na bakin buta ba. Alhaji ya zauna a kan dutse mai zafi. Zuciyarsa ta fara raya masa cewa ɗan amininsa ya shirya cutarsa.

Sai kunnensa ya kama wata ƙara can sama, kamar ta ƙudan zuma masu yawa. Ya tattare riga ya bi gaɓar rafin. Da ya zagaye dutsen sai ya tsaya cak.

Fadama ce shimfiɗe iya ganin ido, kore shar a tsakiyar wannan ƙuna. Albasa, tumatur, alkama, attaruhu. Kowane lambu da injin ban ruwansa a bakin gaɓa, kowane inji ya tsoma tiyo yana zuƙa. Rafin ya shigo da ƙarfinsa, yana tafiya yana ramewa, yana zama ganye a dama da hagu.

Wani dattijo mai suna Malam Maliki ya fito daga cikin albasarsa da laka har gwiwa, suka gaisa.

"Malam, kullum haka kuke shanye rafin nan?"

"In ban da Juma'a, Alhaji. Ranar kam hantsi na yi kowa ke kashe injinsa, a yi wanka, a tafi masallaci, ba a komowa sai gobe. Haka muka taras tun ana ban ruwa da jigo."

"To me ya hana ku gaya wa injiniya?"

Malam Maliki ya dube shi da mamaki. "Gaya masa me? Akwai wanda bai san ana zuwa Juma'a ba?"

Alhaji ya sauke ajiyar zuciya. Yaron bai yi masa ƙarya ba. Su biyun duka rana ɗaya suka sani.

Juma'ar da ta biyo ya matsa wa Abdulbaƙi suka iso da wuri, ya kai shi saman dutsen. Injiniya ya ga bututunsa a bushe, ya ga fadamar. Suna tsaye injunan suka fara yin shiru, wannan ya mutu, wancan ya mutu, har aka koma jin kukan kurciya. Mutane suka yi ta fitowa daga lambuna da fartanya a kafaɗa.

Bayan an idar da salla Alhaji ya ƙi tsayawa cin tuwo. Suka dawo suka tarar da ruwan yana zuwa, harshensa siriri yana lasar yashi, yana tura ɓawon albasa da busasshen ganye a gabansa. Bayansa wani ya fi shi kauri. Kafin inuwa ta karkata sosai ya cika gaɓa, ya haye dutsen, rugugin ya dawo.

"Baba, wallahi ban…"

"Na sani. Ruwan mutane ne, aronsa suke ba mu in sun tafi gaban Ubangiji." Ya juyo ya dube shi sosai. "Motata ba za ta sayu don wutar yini ɗaya ba. Ka nemi hutu, ka zo ka zauna da rafin nan Litinin da Laraba, rani da damina. In na damina ne, ka zo mu yi maganar na damina."

Abdulbaƙi ya sunkuyar da kai. "To, Baba."

Alhaji ya ciro waya ya kira dillali ya ce a bar batun gingimari. Ya mayar da ita aljihu, ya tsaya yana kallon ɗan ɗakin kwanon.

"Kai, buɗe mana. Kunna wutar in ƙara gani."