Baranda a Hawa na Ashirin da Uku

Hajiya Rohaya ta cafko rigar yarinyar ta baya, ta sauko da ita daga kan tukunyar fulawar da ke baranda. Damia, 'yar shekara biyu, har ta ɗora haɓa a kan ƙarfen barandar, tana leƙen motocin birnin Penang daga hawa na ashirin da uku. Iyayenta, masu neman hayar gidan Hajiya, suna ciki suna gwada famfo.

"Haka take, Anti, sai ka ce biri," in ji uwar tana dariya. "Gida ya yi mana. Ran Asabar za mu tare."

Da suka tafi, Hajiya ta zauna a ƙasa. Marigayi mijinta ne ya ci bashin banki ya sayi gidan, ya bar ta da biya. Wata da watanni babu wanda ya ko taya sai waɗannan, banki kuwa ya gaji da jin haƙuri. Ta roƙi kwamitin ginin su bari ta rufe barandar da ƙarfe, suka ce zai ɓata kyan bene. Kyan bene ne ya dame su.

Da la'asar Hisyam ya iso, ɗan ƙanwarta mai sayar da inshora, da fara'arsa ta 'yan kasuwa.

"Inshorar iri uku ce, Inna. Ƙarama, in ruwa ya yi yoyo kan na ƙasa. Ta tsakiya, in wani ya zame ya karye. Babbar kuwa..." Ya kalli baranda.

"Faɗi mana."

"In aka rasa rai, kamfani zai biya iyaye, har da kuɗin lauya. Ba mai taɓa miki gida."

"Wacce ce ke hana yaro faɗowa?"

"Haba Inna, mu ai sai abu ya faru muke zuwa. Ki sa wa ƙofar barandar kwaɗo mana."

"Su yi shanya a ina? Kwana biyu sun ɓalle shi."

Ta ɗauki waya don ta ce wa uwar an fasa. Tsoro ya kama ta, na yarinyar da na banki, ta rasa wanda ya fi. Ta daɗe tana kallon lambar kafin ta kife wayar.

"Rubuta babbar."

"Kin yi dabara, Inna. Yanzu komai ya faru ba ruwanki."

Ta ciro makullan daga jaka ta miƙa masa.

"Kai za ka kai musu ran Asabar. Ba na so in sake ganin fuskar yarinyar nan."