Zaki da Damisa a Bangon Aji Uku

Kai ma ka gan shi. Duk ranar da ka kama hanyar Karaye sai ka wuce firamaren ƙauyenmu, ka ga bangon aji uku a zube tun bara, yara hamsin a gindin darbejiya, ka kau da kai. Da na dawo daga karatu a Kano, na buga takarda na manna a masallaci da shagon caji: gayya ranar Asabar, a tada bango kafin ruwa ya sauka, don in damina ta faɗi karatun yaran nan ya tsaya. Mutum biyu suka zo. Ɗayan ma aron shebur ya kawo shi.

A ranar ne taubashina Kabir, ɗan Goggo Lauratu, ya zo daga Fulatan. Ko sakandare bai gama ba. Na tarar da shi a gindin tsamiya, mutum kusan arba'in sun zagaye shi, yana nuna musu hoto a waya: ga zaki, ga babbar damisar nan ta Indiya mai ratsi-ratsi.

"In aka kulle su ɗaki ɗaya, wa zai fito?" ya ce.

"Zaki mana," in ji Ilu mahauci. "Gashin wuyan nan kaɗai ai sulke ne."

"Haba Ilu," in ji Ashiru mai faci. "Wanda matansa ke yi masa farauta yana kwance? Kamar wani da na sani."

Aka fashe da dariya. Na tsaya da ragowar takarduna a hannu. Shekara huɗu ina karatu, ban taɓa tara mutum biyar sun saurare ni ba.

Na ce, "Bango a zube, ku kuna nan kuna haɗa faɗan dabbobin da ko warinsu ba ku taɓa ji ba."

Kabir ya dube ni sama da ƙasa. "Sannu da zuwa, Malam Takarda. Yusha'u, wa ya taɓa kiran gayya da manna takarda? Ka bi gida-gida ka yi sallama? Ka sa an dama kunu? Ka gaya wa makaɗi?"

Ban yi ko ɗaya ba, kuma a gaban kowa ya tambaya.

Sai ya juya ga jama'a. "Musun nan ba zai ƙare da baki ba. Asabar mai zuwa, masu zaki su ɗauki bangon gabas, masu damisa na yamma. Wanda ya riga kai lintal, wato saman taga, dabbarsa ce ta ci. Kunu na wuyana."

Mutum saba'in suka zo, har da na Rogo a kan babura. Ana kiɗa, ana kwaɓa ƙasa, ana cilla wa magina tubali ana gori. Bayan azahar masu zaki suka gama. Ashiru ya kanne ido ya ce bangonsu ya karkace, dama aikin zaki ke nan, ƙarfi ba dabara. Har yau ba a raba gardamar ba. Ni ruwa na yini ina ɗebowa.

Da la'asar hedimasta ya miƙe a ƙofar masallaci ya sa wa Kabir albarka har sau uku. Sunana bai fito ba. Na ce amin tare da kowa.

Kabir ya koma Fulatan sharar gona. Bango ya tsaya, rufi babu, hadari kuma ya fara leƙowa daga gabas. Na riga na kai gero niƙa, na gaya wa makaɗi, gobe zan yi sallama a ƙofarka da ƙafata. Ka zaɓi zaki ko damisa, ba ruwana. Ranar Asabar ka ɗauko gudumarka ka zo mu yi rufi.