Baitin da Faifai Ya Yanke

"Kai, ba ta ƙare ba!" in ji Baba Maitama, ya buga sandarsa a ƙasa. Muna wajen suna a Mitchellville, nan ƙasar waje da muke zaune, an sa tsohuwar waƙar nan "Ki Jira Ni a Kafanchan", mata har da guɗa. 'Yarsa Najiba, nas ce, ta yi wuf ta kama hannunsa.

"Baba, don Allah, mutane na kallo."

Ƙofarsu na kallon tawa a Germantown. Washegari da na kai masa kunun gyaɗa na tsokane shi.

"Baba, jiya ka so ka tayar mana da biki."

"Sailuba, ni na tsara waƙar nan, shekarar da aka haifi Najiba. Ni muryata ta kwaɗo ce, sai na ba masu bandi a Kaduna suka rera. Faifan garmaho ba ya ɗaukar doguwar waƙa, suka datse baitin ƙarshe. To a nan mawaƙi ke faɗin sunansa."

Wallahi da waƙar nan uwata take daka, amma ko ita ba ta san mai ita ba.

Najiba kuwa ko kusa ba ta son zancen. Kowa ya tambaya sai ta ce tsohon ma'aikacin rediyo ne, kada a ce mata 'yar maroƙi. Abin yana cinsa.

"Duniya ta manta da ni, ban damu ba," ya ce. "Amma 'yar cikina?"

Na roƙe shi ya rera mini baitin, ya ƙi. Tsohon nan akwai taurin kai.

Da sanyi ya shigo, ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Ranar wata Laraba bayan azahar Allah ya karɓi abinsa, Najiba na riƙe da hannunsa. Na yi kuka sosai, don ina ƙaunarsa.

Ranar sadakar uku, muna kicin da wasu matan muna wanke tukwane, wata baƙuwa ta ce, "Allah ya ji ƙan Baba. Wane aiki ma ya yi can gida?"

Na sunkuyar da kai. Najiba ce ta amsa.

"Mawaƙi ne," ta ce. "Shi ya tsara 'Kafanchan'."

Ta juya ta ci gaba da cuɗa tukunya. Can sai muka ji tana rera baitin nan da faifai ya yanke, ƙasa-ƙasa, ashe ta san shi:

"In an ce wa ya tsara,
Maitama ne na Tudun Wada,
Uban Najiba 'yar jaririya."

Wata ta miƙa hannu ta kashe famfo. Najiba ta sake ɗauko baitin daga farko, kumfa har gwiwar hannunta.